Ranar da Muka Zubar da Subiya a Mansur

Na ci abinci a garuruwa da dama, wasu har sunayensu sun ɓace mini, amma akwai wani zaman cin abinci da aka yi a unguwar Mansur wanda ba zan taɓa mantawa da shi ba, ko da tsufa zai kwashe sauran abin da ke kaina. Ina tuna abin da aka ci a ranar, sai dai abin da ya fi zauna mini a rai shi ne wanda ba a sha ba.

Lokacin da na sauka a Makka, cin abinci a waje harkar gwauraye ce da leburori da baƙin alhazai. Magidancin da aka gani zaune a gidan abinci sai an bi shi da tambaya ko lafiya gidansa. Mu Hausawan Mansur kuwa abin da muke da shi bai wuce masu tsire a bakin titi ba, wanda mutanen nan suke kira sire, sai matan da ke zama a lungu da tandar masa da kaskon ƙosai, ido ɗaya a kan wuta ɗaya a kan hanya. Yanzu kuwa da yamma za ka ga mutum da matarsa da 'ya'yansa har da kakarsu sun cika tebur, an kawo abinci an ajiye, ba mai sa hannu sai an gama ɗaukar hotonsa da waya. Ban ce dā ta fi yanzu ba. Ina faɗin abin da idona ya gani ne, don a gane girman abin da 'yata ta sa a gaba.

Ita ce 'yata ta fari, sunan mahaifiyata ta ci, saboda haka Uwata nake kiranta. A nan aka haife ta, Larabcinta ya fi Hausarta gudu, amma hannunta a girki hannun mahaifiyarta ne, Allah Ya jiƙanta, mutuniyar Damagaram kamar ni. Shekara goma sha biyu tana tuƙa tuwo tana toya masa a wani matsattsen kicin a unguwar Hindawiyya, ana zuwa ana saye ta ƙofar baya. Mijinta direban tasi ne, ciwon baya ya kwantar da shi, tukunyarta ce ta riƙe gidan da yara huɗu. Burinta bai wuce ta samu shago mai ƙofa a bakin titi ba, mai tebur da kujeru, inda za a zo a zauna a ci abincinmu kamar yadda ake zama a ci na kowa.

Akwai wani dattijo Bamakke, ɗan gari tun kaka da kakanni, mai wani bene a Mansur. Mun fi shekara talatin muna salla a sahu ɗaya, ni ne ma nake ɗinka masa jallabiya lokacin da idona ke ganin ramin allura. Shagon da ke ƙasan benensa ya zama ba kowa, mutum biyu suna nema: 'yata, da wani mai soya kaji irin na zamani wanda ya riga ya yi suna a unguwar Aziziyya. 'Ya'yan dattijon duk mai kajin suke so, musamman babbansu. Shi kuwa ya ce ba zai yanke hukunci a kan abincin da bai ci ba. Ya ba ta mabuɗi na wata biyu ta gwada, sannan ya ce:

"Bana a wurinki za mu yi Sha'abana, ni da zuri'ata gaba ɗaya. In sun tashi suna murna, shago ya zama naki. In ba haka ba, ki ba ni mabuɗina, ba faɗa."

Sha'abana al'adar mutanen nan ce. A kwanakin ƙarshe na Sha'aban, kafin azumi ya kama, kowane gida yana tara danginsa a ci a sha, a yi bankwana da abincin rana. Dā a gida ake yi ko a bayan gari, yanzu da yawa gidan abinci suke kamawa. Mutum ya ce a wurinka zai yi ta, ya ɗora maka mutuncin gidansa ke nan.

"Ki dafa abin da kika ga dama, naku na can," in ji shi. "Abu ɗaya nake so. A sa mana subiya, kuma ta hannunki. Ban son ta leda."

Duk inda na zauna a duniya, akwai abin shan da yake zuwa da lokacinsa. A Khartum, azumi ba ya cika sai da wani jan abin sha na tsiron dawa mai zaƙi da ɗaci-ɗaci. A Istanbul, sanyi na shiga za ka ji masu wani farin kunu mai kauri suna shela a titi. A gida kunun tsamiya ne. A Makka kuwa subiya ce: sha'ir da busasshen burodi ake jiƙawa, a zuba kirfa da kayan ƙamshi da sukari, a bar ta ta ɗan tashi, a tace, a sanyaya. Da ka fara ganinta a titi ka san azumi ya ƙarato. Bamakke zai iya yafe maka gishirin da ya yi yawa a miya, amma ba ya yafe subiyar da ba ta yi ba.

Uwata ta sha subiya tun tana yarinya, amma ba ta taɓa haɗa ta ba. Ta ji kunyar ta tambayi matan Larabawan, kada a ce ga mai neman shago ba ta san komai ba. Sai ta duba ta ga ai wannan ƙanwar kunun zaƙi ce, ta bi hanyar da mahaifiyarta ta koya mata. Ta shanya sha'ir a jiƙaƙƙen buhu har ya yi tsiro, ta niƙa ta zuba, kamar yadda muke wa kunun zaƙi don ya yi garɗi. Ta ƙara dabino da zabibi, don a san ta yi ƙoƙari. A gida, irin wannan a randa ake zuba shi, a kan jiƙaƙƙen rairayi, ya kwana ɗaya a sha. Ita kuwa cikin duron roba biyu ta zuba, ta ɗaure murfi tam, ta ajiye a ɗakin kaya da ke manne da bangon murhu, domin firjin ya cika da nama. Zafin Makka kuma ba sai na bayyana wa kowa ba. Duk wannan daga baya na ji shi.

Ranar taron na iso bayan azahar, sanye da babbar rigata da ban cika sawa ba. Baƙi bayan la'asar za su zo. Shagon ya yi fes, ƙamshin miyar taushe ya kai har titi. Tana ganina ta kamo hannuna, ta kira ni Abuya, wato babana, kamar yadda 'ya'yan garin nan suke kiran uba.

"Abuya, zo ka ɗanɗana mini subiyar nan. Kai ne ka yawata duniya, harshenka ya san abubuwa."

Muka shiga ɗakin kayan tare da abokiyar aikinta, wata Bahaushiya da iyayenta suka zo ta Cadi, mace mai ƙarfin hannu da ƙarfin baki. Ita ce ta murɗe murfin. Duron ya yi wani huci kamar an taka maciji, kumfa ta taso tana tsalle. Ban kai ga ɗaukar kofi ba warin ya buge ni. Na san warin nan. Na fi shekara arba'in ina addu'ar kada in sake haɗuwa da shi.

Dole in koma baya kaɗan. Ina saurayi na bar Damagaram, na bi ta Agadas na haye Sahara zuwa Aljeriya, daga nan jirgin ruwa ya kai ni kudancin Faransa. Ba takarda, ba ɗan'uwa, sai Faransancin makaranta da yunwa. Aikin da na samu shi ne tsinkar inabi. Da kaka ta ƙare, mai gonar ya riƙe ni ina wanke manyan durukan katako a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa, inda suke ajiye ruwan inabin har ya zama giya. Wata bakwai na yi a wurin. Allah shaida ne, ko ɗigo bai taɓa shiga bakina ba, har suka laƙaba mini Liman suna tsokanata. To amma hanci ba ya neman izinin mai shi. Tsohon Baturen da ke kula da durukan yakan bi su ɗaya-ɗaya da safe yana shinshinawa, ya ce wannan kwanansa biyu, har yanzu na yara ne, wannan kuwa ya haye. Da ƙafarsa ta fara ciwo, ni yake turawa in shinshino in gaya masa. Ban taɓa kuskure ba.

In lokacin buɗe sabuwar giya ya yi, garin gaba ɗaya biki yake. Gidajen abinci su fito da teburansu titi a jera, tsofaffi da matasa su zauna, kowa yana jujjuya kofinsa yana cusa hanci ciki, ana musu a kan wace gona ce ta fi, kai ka ce malamai ne ke tattauna mas'ala. Ni ina can ƙarshen tebur da burodi da cuku da ruwa. A irin wannan zama ne mai gonar ya sa aka ɗaure mini ido, aka miƙo mini kofi uku na shinshina, na faɗi wanda ya girmi wani. Suka yi ta tafi suna buga tebur. Tafin nan ya bi ni Turkiyya, ya bi ni Masar da Sudan, ya shigo da ni Makka, ina jin kunyarsa. Duk wanda ya tambaye ni me na yi a Faransa, sai in ce aikin gonar 'ya'yan itace. Ba ƙarya ba ce, amma ba ita ce gaskiyar ba.

Na dubi 'yata na ce, "Uwata, kwanan wannan nawa?"

"Yau huɗu. Na so ta yi ƙarfi, kada Ammi ya ce ruwan sukari na ba shi." Ammi take kiran dattijon, wato baffa.

"Ba za a sha wannan ba."

Ta yi dariya, ta zaci wasa nake. Da ta ga fuskata sai dariyar ta tsaya. Abokiyar aikin nata ce ta karɓe zancen.

"Haba, Baba Alhaji! Tsami ne fa kawai. Furar da ta kwana ba ku ne kuke rububinta ba? A ƙara sukari da ƙanƙara, halas, shi ke nan, ba mai ganewa."

"Ta wuce tsami," na ce. "Ta kama hanyar zama giya, in ma ba ta isa ba."

"A'uzu billahi! A Makka? A duron da na wanke da hannuna?" Ta riƙe ƙugu. "Kai kuma Baba Alhaji, tela, mutumin sahun farko, ina ka san warin giya? Ko a mafarki?"

Tambayar da ta dace ta yi, ba zan zarge ta ba. Na tsaya ina duban kumfar nan. Da na yi shiru na ce wataƙila hancina ne, da mutuncina ya kwana lafiya, da kuma an zuba wa mutum arba'in abin nan a kofi, har da ƙananan yara, kwana biyu kafin azumi, a garin da ake fuskantowa daga ko'ina a yi salla. Na zauna a kan buhun shinkafa na ba su labarin, a gajarce, idona a ƙasa. Wannan ne karo na farko da ya fito daga bakina.

Can Uwata ta ce, "Umma ta sani?"

"Har ta koma ga Allah ba ta sani ba."

Ta dube ni. Na zaci zan ga raini a idonta, ko tsoro. Abin da ta tambaya kawai shi ne, "Ka tabbata, Abuya?"

"Kofi ɗaya ba zai kayar da babban mutum ba," na ce. "Amma wanda zafin garin nan ya dafa ba ya tsayawa a kofi ɗaya. Kuma da yara za su zo."

Abokiyar aikin ta sassauta murya, ta kawo wata dabara. Ta ce akwai wani mutum a bakin babban titi da ya riga ya fara sayar da subiya, mai kyau ce, a je a sayo a juye a tulunanmu, wa zai sani? Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini ado ba: na gyaɗa kai. Ni da na gama fallasa kaina saboda gaskiya, ga ni ina goyon bayan wata ƙaramar ƙarya, domin ina hango yara huɗu da uba a kwance.

Uwata ta girgiza kai. "Cewa ya yi ta hannuna. In na fara zama a shagon nan da ƙarya, kullum na sa mabuɗi sai na tuna." Ta ɗebi kofi ɗaya ta rufe ta ajiye gefe. "Ku kama mini."

Mu uku muka mirgina durukan zuwa magudanar bayan shago. Ita da kanta ta karkata su. Na tsaya ina kallon wahalar mako guda da dabino da zabibi suna gangarawa, tana bin su da ruwa da tsintsiya don kada wari ya tsaya, hawaye na zuba ba ta ko share ba. Da aka kira la'asar ta riga ta ɗora tukunya biyu. Tana da ƙullun gero da ta tanada don azumi, ta dama kunun tsamiya. Ta dafa zoɓo da citta da kanumfari, aka fasa ƙanƙara aka sanyaya shi. Ni da babbar rigata nake tace zoɓo, har ya yi mini ja a hannun riga, tabon yana nan har yau.

Suka iso mota-mota, maza suka cika teburan gaba, mata da yara suka shige ɓangaren iyali, labule a ɗage rabi don dangi ne duka. Aka jera tuwon shinkafa da miyar taushe, da masa, da dambun nama, da tsire mai zafi a kan takarda. Dattijon ya zauna a tsakiya, ya dubi tulunan da ke tebur, ja da ruwan ƙasa, ba fari ko ɗaya.

"Ina subiyar, 'yata?"

Ta fito daga kicin, ta gyara mayafinta, ta tsaya inda maza da mata duk za su ji ta. Kofin nan na hannunta.

"Ya Ammi, na yi subiya duro biyu. Ban iya ba, kuma na ji kunyar tambaya, sai na yi ta irin yadda muke kununmu, na bar ta kwana huɗu a zafi. Ta juya. Na zubar da ita ɗazu. Ga ragowar, don ka san ba ƙyuya na yi ba. An ce in sayo ta waje in ce tawa ce, na ga ba zan iya kallon idonka ba. Abin da ke gabanku kunun tsamiya ne da zoɓo, su ne na iya."

Ya karɓi kofin ya kai hanci, ya kawar da kai da sauri. Babban ɗansa ya matso yana magana ƙasa-ƙasa, amma ba ƙasan da ba za a ji ba. "Ka gani ko, Abuya? Na gaya maka. Yau an gane, gobe fa?"

Dattijon bai kula shi ba. "Wa ya gane?" ya tambaya. "Wanda bai saba ba zai ce tsami ne kawai."

Uwata ta sunkuyar da kai. "An dai gane, ya Ammi." Rufa mini asiri take so ta yi. Na dubi yarinyar da ta tsaya gaban mutum arba'in ta faɗi laifinta da bakinta, alhali abincin 'ya'yanta ne a kan tebur, sai na ji kunyar zama. Na miƙe na ce ni ne, na kuma faɗi inda na koya, da Larabci wannan karon, kalma-kalma, har da ɗaure ido da tafi. Wasu daga samarin suka dubi juna. Wani ya yi tari.

Dattijon ya ajiye kofin a ƙasa, nesa da abinci. Abin da ya ce kawai shi ne, "Bismillah. Abinci na hucewa."

Ban taɓa cin abinci mai wuyar haɗiya kamar na farkon zaman nan ba. Kowa ya duƙufa a kan kwanonsa. Yara ne suka fara warware mu, domin su ba ruwansu, sun gano masa da zuma suna ta wawaso. Daga bayan labule sai muka ji muryar matar dattijon, tsohuwa mai faɗa a ji, tana tambayar abokiyar aikin 'yata yadda ake cin tuwo.

"Ba a taunawa, ya Hajja. A yanko, a tsoma a miya, a tura."

"A tura ina? Ni da haƙorana na roba, wannan ai don ni aka ƙirƙire shi!"

Dariya ta ɓarke daga can ta ƙetaro wurinmu. Aka fara miƙa kwanuka ana neman ƙari. Tsohuwar ta sha kunun tsamiya kofi biyu, ta aiko a tambaya ko za a riƙa yin sa da azumi. Har babban ɗan na gani yana side yajin tsire da yatsa, da muka haɗa ido ya waske. Dattijon kuwa ya ci, ya sha zoɓo, bai ce ya yi daɗi ba, bai ce bai yi ba.

Da rana ta yi ja aka fara shirin masallaci, ya tashi ya wanke hannu. Uwata ta zo ta tsaya gabansa, ta miƙa masa mabuɗin a tafin hannu biyu. Ta cika alkawarin abinci, ba ta cika na subiya ba, ba ta kuma jira a tambaye ta ba.

Ya dubi mabuɗin bai karɓa ba. Ya juya wajen babban ɗansa ya ce, "Kakanka subiya ya sayar har ya tsufa, ka sani. Sau biyu na ga ya zubar da duro ya rufe shago, muka kwana ba ciniki. Na kuma san waɗanda ba su taɓa zubarwa ba, ba don tasu ba ta taɓa juyawa ba." Sannan ya dubi 'yata. "Mayar da mabuɗinki aljihu. Wanda zai ciyar da jikokina a ƙasan gidana, irinki nake nema. Subiyarki dai ba ta yi ba, wannan kam gaskiya ce. Gobe ki je wurin tsohuwar can ta koya miki. Kwana biyu ake barin ta, ba huɗu ba, kuma in na sake jin kin zuba mata tsiro, ni da ke ne."

Abokiyar aikin ta rangaɗa guɗa irin ta gida a tsakiyar Mansur, har masu wucewa suka leƙo. Uwata ta durƙusa a wurin tana kuka tana dariya. Ni kuwa ƙirjina ya cika har na rasa inda zan sa kaina. Na ga manyan masu girki a ƙasashe da yawa, masu farar hula da dogon suna, ban ga wanda ya kai 'yata tsayi a wannan yammacin ba.

Saura ni. Muka fito za mu masallaci, ina jan ƙafa a baya, ina tunanin ko daga yau sahu na uku ya fi dacewa da ni. Dattijon ya tsaya har na iso, ya saƙala hannunsa a nawa.

"Ya Hajj, wata bakwai kana cikin durukan nan, kana saurayi, ba uwa ba uba ba mai ganinka, ba ka kurɓa ba?"

"Ban kurɓa ba."

"Shi ne kake ɓoyewa? Wallahi da ni ne, da kowane majalisi a garin nan ya gaji da jin labarin." Ya ja ni har sahun farko, wurin da muka saba.

Abin da ranar nan ta koya mini, na koye shi ne daga yarinyar da na goya. Na yi shekaru ina zaton mutunci abu ne da ake tsarewa da rufe baki. Ita ta nuna mini cewa wanda ya faɗi kuskurensa da bakinsa kafin a gano, ya sayi amanar da gwanintar girki ba ta sayowa. Na kuma gane cewa babu ilimin da Allah Yake ba bawa a banza, ko da a ɗakin da ba ka so a san ka shiga ka samo shi. Hancin da na ji kunyarsa shekara arba'in, shi ne ya tsare bakin yara a Makka.

Dattijon ya rasu bayan 'yan shekaru, Allah Ya gafarta masa, amma zuri'arsa ba su fasa yin Sha'abana a wurinmu ba, babban ɗan ne ma yake kiran waya tun farkon wata ya kama tebur. Subiyar Uwata yanzu layi ake yi mata, kusa da kunun tsamiya. Dokar shagon ɗaya ce: ba a zuba wa kowa ko kofi ɗaya sai an kawo ni na buɗe murfi na shinshina, jikokina suna tsaye suna tsokanata da Liman. Tun daga ranar 'yata ba ta sake sayar da abinci ta ƙofar baya ba, ni kuma duk wanda ya tambaye ni me na yi a Faransa, ina gaya masa duka.